Pampon da ya mutu cikin wata huɗu, da garantin da aka ba mu da baki

Ƴan uwa samari da ƴan mata, da iyayenmu da suka daure suka zauna cikin wannan zafi, sannunku da zuwa. Na baya, in murya ba ta kai muku ku ɗaga hannu, kada ku ji kunya.

An ce in yi magana kan haƙƙin mai saye. Na ce to, amma ni ba lauya ba ne, ban kuma karanci aikin inji ba. Abin da nake da shi shi ne wannan ƙarfen da kuka ga na shigo da shi a kafaɗa kamar mai kai rago kasuwa. Ku dube shi da kyau. Injin pampo ne, irin wanda ake zurawa cikin foraj ya zauna ƙarƙashin ruwa yana turo shi sama. Jika 380 muka saye shi tare da pampon da ke kansa. Ya yi mana aiki wata huɗu da kwana tara. Yau in na kai shi Katako, sai dai a auna jan ƙarfen da ke cikinsa a ba ni kuɗin shayin fada.

Duk wanda ya tashi a Yamai ya san abin takaicin: kogi na ratsa garin, ana tace ruwansa a Gudel da Yantala, amma gari ya fi tiyo saurin tafiya. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan guda a nan, kuma tun daga lokacin ba mu ragu ba. A layinmu, can bayan tashar Wadata, in bazara ta kama, Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, robine sai tsakar dare yake ɗigo, in ma ya yi. Iyayenmu mata su kwana zaune da bokiti. Wadda barci ya ɗauke, da safe ta jira ɗan garuwa, shi kuma bido guda ya ce dala ashirin, ba ragi, kuma ba ka ga laifinsa ba in ka ga daga inda ya turo amalanken. Ƙannenmu mata su ne ke biyan sauran: a tashe su da asuba neman ruwa, su isa lakkol an riga an rufe ƙofa.

Shi ya sa a 2023 fadarmu ta ce ta gaji da shan shayi da zagin kowa. Muka ce za mu haƙa foraj a filin da ke gefen masallacin unguwa, mu ɗora shato, kowa ya ɗiba da dala biyu don kuɗin wuta da gyara. Muka bi gida gida. Masu shaguna suka ba da, ƴan kabu-kabu suka ba da, wasu ƴan uwanmu da ke Abijan da Aljeriya suka aiko. Aka ɗora mini riƙon kuɗi, wai don ni ne mai kyan rubutu. Akwai wata tsohuwa mai saida ƙosai a bakin layi, kowa Inna yake ce mata. Ranar da ta ɗauki adashenta ta kira ni, ta kwance bakin zane ta ƙirgo jika 15 ta sa mini a hannu. Na ce, "Inna, wannan ya yi yawa, ki rage." Ta ce, "Ɗana, amshi. Jikokina ukku ad da ni, duka mata. Ina so in ga sun kwana." Ku riƙe wannan jika 15 ɗin, za mu dawo kanta.

Aka haƙa, mita 48, aka samu ruwa, muka yi ta kabbara. Sai sayen pampo. Mu uku muka zaga gari kwana biyu muna tambayar farashi. A ƙarshe muka tsaya a wani babban shago, mai gilashi, mai sanyi, kwalaye jere da sunayen Turai. Mai shagon dattijo ne, Alhaji, mai fara'a. Ya nuna mana wannan, ya ce ɗan Turai ne, ƙarfin doki biyu, zai cika mana shato kafin mu gama shayi na farko. Na tambaye shi garanti. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Samari, shekara guda cur. In ya yi ko tari ku kawo mini shi. Ni da ku ai ba ma haka." Yaronsa ya yago resi ya rubuta kalma biyu da kuɗi: pampo ɗaya, jika 380. Babu suna, babu lamba, babu garanti. A ƙasan resin akwai ɗan rubutu da Faransanci, wanda kowannenku ya taɓa gani bai karanta ba, mai cewa kayan da aka saida ba a maidowa, ba a canzawa. Ni ma na gani. Na ji nauyin in ce wa sa'an mahaifina ya rubuta abin da ya faɗa da bakinsa. Wannan nauyin da na ji, shi ne abu mafi tsada da na taɓa saye a rayuwata.

Ƙarshen Nuwamba ruwa ya hau shato. Farkon Afrilu 2024, cikin goman ƙarshe na azumi, da la'asar, mata na layi da bidoni don ruwan buɗa baki, aka kunna, ya yi wani gurnani, wuta ta yanke. Aka sake, ta sake yankewa. Shi ke nan.

Washegari muka tafi wurin Alhaji da resi. Fara'ar tana nan, amma ta canza launi. Tambayarsa ta farko: wa ya haɗa muku? Muka ce wane. Ya ce ai ba mutuminsa ba ne, garanti kuwa sai in mutuminsa ne ya haɗa. Na ce, "Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri, ba ka gaya mana haka ba ranar." Ya ce ban tambaya ba. Sannan ya ce ko yashi ne ya ci shi, ko an bar shi yana aiki ba ruwa, ko kuran ne ya ƙone shi, kuma duk cikin ukun babu wanda garanti ya ɗauka. Ku lura, bai ga pampon ba. Pampon na can ƙarƙashin ƙasa mita arba'in, amma Alhaji daga kan kujerarsa ya san hanyoyi uku da ya mutu, kuma duk ukun ba ruwansa.

Muka je wurin wanda ya haɗa. Ya ce shi aikinsa tsaf, pampon ne jabu, tun ranar ya ji shi ba nauyi. To me ya hana ka faɗa? Ya ce shi an kira shi haɗawa ne, ba shawara ba. Muka kira mai haƙa, yana wajen Dosso kan wani aiki. Ya ce shi ruwa aka ce ya samo, ya samo, sauran tsakaninmu ne da masu wuta. Mutum uku, kowa ya amshi kuɗinsa cif, kowa na nuna na gaba da yatsa, mu kuma muna tsakiya da resi mai kalma biyu.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kwana uku da mutuwar pampo magana ta fara yawo a unguwa: wai an ba yaran kuɗin ɗan Turai sun sayo ɗan gwanjo sun raba canji. Wa ke riƙe da kuɗi? Ni. A watan ne kuma, cikin rashin sa'a, na canza tayar babur ɗina. In na wuce majalisa sai a yi shiru. Mahaifiyata ta daina zuwa ɗibar ruwa da kanta don kada ta ji abin da ake faɗa. Ranar sallah na je gaida Inna, ta amsa, ta ba ni ƙosai, ba ta ce komai ba, sai da na miƙe ta ce, "Ɗana, ni ban ce ka ci ba. Amma mi za ni ce ma waɗanda sunka ce ka ci?" Ba ni da amsa. Ina da littafi, kowace dala a rubuce, amma littafina bai iya nuna abin da ya kashe pampo ba. Ƴan uwa, duk wanda zai riƙe kuɗin jama'a a cikinku ya ji wannan: in kaya ya lalace ba takarda, mutuncinka ne garantin.

Sai na shiga neman sani, don ba ni da wata mafita. Wani abokina ya kai ni wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin ruwa a karkara kafin ya yi ritaya, yanzu yana naɗin inji a wani ɗan rumfa. Baba bai tambaye ni sunan pampo ba. Ya ce, "Rijiyarku ruwa nawa take ba da wa a awa?" Na ce da yawa. Ya ce da yawa ba lissafi ba ne. Ina ruwa yake tsayawa in ba a ja? Ina yake sauka in an ja awa biyu? A mita nawa aka rataye pampon? Ko ɗaya ban sani ba. Mun kashe sama da miliyan biyu kan rami, ba mu san komai game da shi ba sai zurfinsa.

Bari in gaya muku abin da ya koya mini, don shi ne zuciyar maganar. Injin nan ba shi da fanka, ba shi da iska. Ruwan da yake ja shi ne ke wucewa ta jikinsa yana sanyaya shi. In ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa, ko na ɗan lokaci ne, yana juyi a bushe, yana zafi, rufin wayoyin cikinsa na narkewa a hankali. Me ke sa ruwa ya sauka? In pampo ya fi ƙarfin rijiya. Kowane foraj na da iyakar abin da ƙasa ke tsattsafo masa. In ka sa mai jan mita kubik biyar a awa cikin rijiya mai ba da biyu, zai kwashe abin da ya taru, ya shaƙi iska, ruwa ya dawo, ya sake kwashewa, haka dai kullum. Mu kuwa da Alhaji ya ce doki biyu, murna muka yi, don a tunaninmu babba shi ne mai kyau. Shi ya sa mai haƙa na ƙwarai, bayan ya gama, yake gwajin ja: ya sa nasa pampon ya ja awoyi, yana auna saukar ruwa, ya rubuta maka a takarda. Da wannan takardar ake zuwa shago, ba da baki ba.

Kafin gwajin ma akwai wankin rijiya. Ana hura iska mai ƙarfi da kwamfaresa har laka da ɓurɓushin yashi su fita, ruwa ya fito garau. A kewayen tiyon da ke da tsaga-tsaga, inda ruwa ke shigowa, ana zuba tsakuwa tatacciya don ta tare yashi. In an yi ha'inci a nan, pampo zai yi ta haɗiyar yashi. Da yawa daga masu ƙera irin wannan pampo suna rubuta iyaka a littafinsu, gram 50 na yashi a mita kubik guda na ruwa, wato abin da bai wuce cikin tafin hannu ba a lita dubu. Fiye da haka, farfelolin cikinsa, waɗanda galibi na roba ne, sai su zama kamar an goga su a dutse. Na tuna tun makon farko mata na cewa in ruwa ya kwana a bokiti ana samun yashi a ƙasa. Muka ce sabuwar rijiya ce, za ta daina.

Sai wuta. An ƙera injin don volt 220 zuwa 230, yana jure sama ko ƙasa da kamar kashi goma cikin ɗari. In wuta ta yi rauni ba hutawa yake ba, ƙara jan ta yake, yana ƙara zafi. Waya siririya mai tsawo ma na rage ƙarfin wuta kafin ta isa ƙasa. A nan dole in taka namu tudun laifin. Kun tuna lokacin: tun Agusta 2023 Nijeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu, ba a ɗage takunkumin CEDEAO ba sai 24 ga Fabrairu 2024. A waɗannan watanni, in babu kuran, mukan aro ɗan gurup ɗin wani mai walda mu jona. Gurup ɗin na kuka, pampo na kuka, mu muna tafi wai mun yi dabara. Inji irin wannan lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, ƙaramin gurup ba ya iya ɗauka. Kuma wanda ya haɗa mana ya taɓa cewa a sayi akwatin kariya, mai yanke wuta in ta yi rauni ko in ruwa ya ƙare, jika 45. A taron kwamiti aka ce almubazzaranci ne. Ni ne na fara cewa haka. Yana nan a littafin taro, da kyakkyawan rubutuna.

Baba ya ba mu shawara guda wadda ta juya al'amarin. Ya ce kada ku kuskura ku ciro pampon ku kaɗai, kada kuma ku kai wa mai shago ya buɗe a bayan shagonsa. Ku tara su duka, a ciro a gabansu, a buɗe a gabansu. Ya ɗauke mu kwana goma sha biyu kafin mu haɗa su, sai da liman da mai unguwa suka sa baki. Alhaji bai zo ba, ya aiko yaronsa. Muka ciro, muna ɗaukar bidiyo da waya tun daga bakin rijiya, ba yankewa.

Abu na farko da ya fito shi ne mahaɗin waya. Inda aka haɗa wayar inji da doguwar wayar da ke hawa sama, wurin da ke zaune cikin ruwa dare da rana, an naɗe shi da baƙin salatif irin wanda ake ɗaure wayar rediyo. Akwai abin da aka yi don wannan aikin, wani ƙullin roba da ake cika shi da ruwan danƙo ya daskare, ko wanda ake gasawa ya manne, kuma bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Baba ya matsa salatif ɗin, ruwa ya tsiyayo. Wanda ya haɗa ya sunkuyar da kai. Aka kwance pampo, farfeloli sun cinye, yashi cike, mai haƙa ya fara kallon sama. Aka buɗe inji, wayoyi baƙi ƙirin, warin ƙuna ya cika wurin, mu ƴan kwamiti muka kalli juna. Har nan yaron Alhaji murmushi yake, don duk abin da maigidansa ya faɗa ya tabbata.

Sai wata ƙanwarmu, ɗaliba a Jami'ar Abdu Mumuni, wadda ta adana kwalin tun ranar saye saboda tana zuba littattafai a ciki, ta ce a duba lamba. Lambar jikin kwali daban, ta jikin inji daban. Ta inji ma ba a sassaƙe take a ƙarfe ba, takarda ce mai sheƙi aka manna, Baba ya sa farce ya ɗaga ta. Ta ɗauki hoto, ta nemo adireshin kamfanin da sunansa ke jiki a intanet, ta aika musu. Bayan kwana shida suka amsa: wannan lamba ba ta cikin kayan da suka ƙera. Ga shi nan, kuna iya zuwa ku taɓa wurin bayan mun tashi.

Yanzu kun ga matsalar da ke cikin kalmar garanti. Ko da pampon na gaske ne, da takarda da hatimi, garantin kamfani aibin ƙira yake ɗauka, ba ya ɗaukar yashi, ko aiki a bushe, ko raunin wuta, ko mugun haɗi. Kuma kusan duk pampon da ya mutu da wuri a garin nan za a samu ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa. Wato mai shago na iya yi maka alkawarin shekara guda hankalinsa kwance, don ya san ranar da za ka dawo akwai ƙofa huɗu da zai fita. Abin da ke rufe ƙofofin nan takardu ne: ta gwajin rijiya, ta awon wuta ranar haɗawa, hoton mahaɗin waya kafin a zura, da faktir mai suna da lamba.

Amma garantin mai shago ba shi ne kaɗai ba, wannan kuwa yawancinmu ba mu sani ba. Wani lauya da ke zuwa fadarmu wani lokaci ya zaunar da mu. A kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa, daga mataki na 1641, mai sayarwa na da alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin aikin da aka saye shi dominsa, ko an rubuta garanti ko ba a rubuta ba. Mai saye na da zaɓi: ya maida kaya a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa. Sharaɗi biyu ne masu nauyi: kai ne za ka nuna aibin yana nan tun kafin a saida maka, kuma ka tashi da wuri, kada ka bari watanni su shuɗe. Ƙasar nan kuma tana da dokar kare masu saye tun watan Mayu 2015, akwai ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe suna wannan fafutuka, akwai ma'aikatar kasuwanci. Liman ma ya ce ai ba sai an je Faransa ba, malaman fiƙihunmu sun daɗe da yin babi kan maida kaya saboda aibin da aka ɓoye. Abin da ya ba ni mamaki, mun yi shekaru muna ihu a Facebook kan tsadar rayuwa, amma a fadarmu ta mutum goma sha bakwai babu wanda ya taɓa rubuta takardar koke ko sau ɗaya.

Muka rubuta. Shafi guda: ranar saye, abin da aka ce mana, abin da aka samu, amsar kamfani, abin da muke nema, da wa'adin kwana goma sha biyar. Muka kai kwafi biyu, muka ce a sa hannu a ɗaya a ba mu. Ba zagi, ba barazana, ba mu kuma sa sunan shagon a intanet ba, ko da yake hannuwa sun yi ta ƙaiƙayi. Ina roƙonku ku ma ku kiyaye wannan, don ranar da ka zagi mutum a fili ka ba shi abin da zai kai ka ƙara da shi, maganar pampo kuma ta mutu.

Kwana huɗu Alhaji ya aiko a kira mu. Na tafi da shirin faɗa, na tarar da dattijo a gajiye. Ya fito da takardunsa ya nuna mana: shi ma wani dillali ne ya kawo masa guda ashirin, a lokacin da iyakar Benin ke rufe, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, komai ya yi tsada, wannan kuma ya zo da sauƙi. Na ce, "Alhaji, da ka ga sauƙin ba ka yi shakka ba?" Ya yi shiru, ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Ban sani ba ko mu yake nufi ko kansa. Ni dai har yau ban yarda cewa bai sani ba sam, ban kuma yarda cewa shi ya buga takardar jabun ba. Abin da ya fi damuna shi ne sauran goma sha taran. Suna cikin rijiyoyin wasu, wataƙila a Talladje, wataƙila a wani ƙauye inda babu ɗalibar jami'a mai adana kwali, kuma a can ma akwai wani mai riƙon kuɗi da ake yin shiru in ya wuce.

Aka yi sulhu a gaban liman da mai unguwa, aka rubuta. Alhaji ya maida jika 250 cikin 380, ya ce sauran ladan yashinmu da gurup ɗinmu ne, kuma gaskiya ban iya musa masa ba. Ya ce mu riƙe gawar, ba ya son ganinta. Mai haƙa ya dawo da kwamfaresa ya wanke rijiya, mu muka sayi gazwal, aka yi gwajin ja: mita kubik biyu da ɗan kai a awa, ƙasa da rabin abin da tsohon pampo ke nema. Wanda ya haɗa ya sake aikin kyauta, Baba na tsaye a kansa. Muka sayi ƙarami, doki ɗaya, da akwatin kariyar nan da na ce almubazzaranci ne. A wannan karon na tsaya a gaban mai shago na ce a rubuta suna, da lamba, da tsawon garanti, da abin da ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba, da wanda zai biya kuɗin cirowa in ya lalace, don ciro pampo daga mita arba'in ma kuɗi ne. Ya ce, "Kai ba ka yarda da mutane ba ne?" Na ce, "Na yarda da kai, ranka ya daɗe, mutuwa ce ban yarda da ita ba. In ɗayanmu ya faɗi gobe, takarda ce za ta yi wa magada bayani." Ya rubuta.

Kwana 52 unguwa ta yi ba ruwan foraj, a tsakiyar bazara.

Abu ɗaya kafin in zauna, tunda na ga masu niyyar haƙawa a nan. Foraj ba ramin gidanku ba ne kawai, dokar ruwa ta 2010 ta tanadi a sanar da hukuma ko a nemi izini, ku tambaya kafin mota ta zo. Kuma ku kai ruwan a auna. Unguwanninmu cike suke da masai da ramukan ƙazanta, ruwa na iya fitowa garau alhali akwai abin da ido ba ya gani. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyakar sinadarin nitrat a miligram 50 cikin lita, kuma jarirai ne ya fi cutarwa. Mu sai bayan duk wannan wahala muka tuna da awon, wanda ya kamata ya zama na farko.

Ranar da ruwa ya dawo na ɗauki littafin kuɗi, da takardar sulhu, da amsar kamfani, na karanta su a ƙofar masallaci bayan la'asar, dala bayan dala. Wasu daga cikin masu maganar sun zo sun ba ni hannu, wasu har yau ba su zo ba. Inna ba ta zo karatun ba, tana wurin suyarta. Da na je na fara yi mata bayani da takardu a hannu, ta ce in ajiye, ita ba ta karatu. Ta ce, "Ruwan dai, na ga babu yashi yanzu." Sannan ta tambaye ni ko wannan ma wata huɗu zai yi.

Kwafin takardar koken da ta sulhun suna nan wurin ƴan uwa a bakin ƙofa, mun goge sunaye, duk mai so ya ɗauki hoto. Wanda kuma ya sayi pampo a garin nan tsakanin ƙarshen 2023 da farkon 2024, ya je gida ya duba lambar kwalinsa da ta faktir, in yana da su, ya same ni ranar Asabar a fada bayan magariba. Injin kuma ga shi nan, ku zo ku ɗaga, amma ku yi hankali da baƙin, yana ɓata riga.